Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Kan Tsofaffin Gine-ginen Reluwe na Zungeru da Baro

Zuwa ga Manajan Darakta na Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya,
da Babban Darakta na Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa,
da Mai Girma Gwamnan Jihar Neja.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan Allah ya taya ku riƙon amanar da ke wuyanku. Masu wannan takarda tsofaffin ma'aikatan reluwe ne da suka ajiye aiki, da kafintoci da magina, da masu zanen gine-gine, da malaman tarihi. Muna magana da yawun mutanen garuruwan da layin dogo ya raya a Jihar Neja, musamman Zungeru da Baro, da ƙananan tashoshin da ke tsakanin Minna da bakin Kwara irin su Badeggi da Katcha. Da gangan muka haɗa ku ku uku a takarda ɗaya. Gine-ginen da filayensu na hukumar reluwe ne, ikon ayyana wuri a matsayin abin tarihi yana hannun hukumar gidajen tarihi, jama'ar da ke zaune a gefensu da tsarin garuruwan kuwa na jiha ne. Kowa na jiran ɗan'uwansa ya fara motsi, damina kuma ba ta jiran kowa.

Saboda sauran masu karatu, ga taƙaitaccen matsayin waɗannan wurare. Zungeru ce hedikwatar mulkin Arewa daga 1902 zuwa 1916, kafin a koma Kaduna. A nan aka shimfiɗa layin dogo na farko a Arewa a 1901, ɗan siriri mai faɗin ƙafa biyu da rabi, mil 12 daga Zungeru zuwa Wushishi. A 1902 aka ƙara shi zuwa Barijuko ya zama mil 22, domin ɗauko kayan da jiragen ruwa ke saukewa a Kogin Kaduna. Daga Baro kuma aka faro babban layin da aka soma zamanin Gwamna Girouard, mai tsawon mil 356, wanda ya isa Kano a 1911. Layin Legas ya ƙetaro ta Jebba, ya ratsa Zungeru, ya haɗu da shi a Minna, a 1912 aka haɗe su ƙarƙashin hukuma ɗaya. Da aka kammala gadar Jebba, kaya suka daina bin ruwa, sai tauraruwar Baro ta fara dusashewa.

Abin da ake iya ɗauka tuni an ɗauke daga Zungeru. Gadar ƙafa ta Gwamna Lugga, wadda aka kafa a 1904, an kwance ta an kai Kaduna, tana filin Gamji, a can aka ayyana ta abin tarihi a 1956. Kan jirgin layin Wushishi, ƙirar kamfanin Hunslet na Leeds a Ingila, yana tashar Minna. Dogon ƙaramin layin da kayan aikinsa an kwashe an yi amfani da su a layin Zariya zuwa Jos, wanda shi ma aka rufe a 1957. Abin da ya saura wa garuruwan nan shi ne wanda ba ya ɗaukuwa: ginin tasha, sito-sito na kaya, gidajen ma'aikata, tankunan ruwa, gadoji da kwalbatoci. Ba babban gidan tarihi muke roƙo ba a yanzu. Roƙonmu a tsayar da lalacewa, kuma aikin tsayar da ita na kafinta da magini ne, ba na babbar kwangila ba.

Kokenmu na farko, babu rajistar da jama'a za su duba su ga abin da ke nan da halin da yake ciki. Abin da ba a rubuta ba, in ya ɓace babu mai cewa ya ɓace. Aikin kuwa ba wuya. Kowane gini a ba shi lamba da kati guda: inda yake a taswira, tsawonsa da faɗinsa da tsayinsa, abin da aka gina bango da rufi da daɓe da shi, hoton kowace fuska huɗu da na ciki da na ƙarƙashin rufi, sunan mai zama ko mai haya, sai matakin lafiyarsa daga ɗaya zuwa huɗu, wato lafiyayye, mai buƙatar ƙaramin gyara, mai yoyo, da wanda ke gab da faɗuwa. Ayari mai mutum biyar ya isa: injiniya ko mai zanen gini ɗaya, ɗalibai biyu masu tef da kyamara, kafinta ɗaya da zai hau sama, da tsohon ma'aikacin reluwe da zai ce wannan ɗakin fitilu ne, wancan ofishin awon kaya ne. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Neja tana cikin Zungeru kanta, Jami'ar Fasaha ta Tarayya tana Minna. Ɗalibansu suna neman inda za su koyi awon gini kowace shekara.

Na biyu, kuma shi ne uwar matsala, ruwa. Ruwan sama a wannan yanki yana haura milimita 1,000 a shekara, kusan duka tsakanin Afrilu da Oktoba. Ku ɗauki sito mai tsawon mita 30 da faɗin mita 10. Rufinsa yana karɓar sama da lita 300,000 a damina ɗaya, wato duro 1,500. In indararo ya toshe ko ya faɗi, wannan ruwa duka gindin bango yake sauka. In kwano ɗaya ya yaye, ɓarnar tana bin tsari da kowane kafinta ya sani: daminar farko falan, wato katakon da ake buga kwano a kansa, ya jiƙe, ta biyu kan rafta inda ya zauna a bango ya ruɓe, daga nan rufin ya fara saɓulewa yana tura bango waje, sai tsaga ta bayyana a kusurwa. Iska kuma in ta sami ƙofa ɗaya ta shiga ƙarƙashin rufi, sauran kwanukan take ɗagawa daga ciki. Gyaran da a shekarar farko bai wuce kwano biyu da kilo ɗaya na ƙusa ba, bayan damina huɗu ya koma sabon rufi gaba ɗaya.

Tsohon kwanon da ke kan waɗannan gine-gine ya fi rabin milimita kauri, alhali mai arha na kasuwa yanzu da ƙyar yake kai milimita 0.2. Saboda haka kuskure ne a yaye tsohon a sayar a sa sabo don kawai ya yi ja. Tsatsar da ke sama ba huda ba ce. A goge ta da burushin waya, a shafa jan fenti mai hana tsatsa, a bi da shafi biyu na fentin rufi, kwanon zai ƙara shekaru. Wanda ya hude kaɗai za a cire, a maye gurbinsa da mai kauri da faɗin kwari iri ɗaya. A tsaye a haɗa baki aƙalla santimita 15, a gefe kwari ɗaya da rabi, ƙusa a kan tudun kwano ba a cikin kwarin da ruwa ke bi ba, kuma da washa. Kada a haɗa alminiyom da tsohon ƙarfe wuri ɗaya, domin in suka jiƙe ɗaya yana cin ɗaya a daidai inda suka taɓa juna. A ƙasa kuma, a gyara kewayen gini ya gangara waje, santimita 5 a kowace mita, har mita biyu ko uku daga bango, a yashe tsofaffin magudanai. Waɗanda suka gina reluwe sun san ruwa, magudanan suna nan, ƙasa da shara ne suka binne su.

Akwai itatuwan da ke tsiro a jikin bango, cediya da durumi da danginsu, waɗanda tsuntsaye da jemagu ke kai irinsu cikin tsaga. Mutum mai kyakkyawar niyya yakan zo ya fizge su, sai saiwa ta fito da bulo biyar. Ba haka ake yi ba. A sare a gindi, a shafa maganin kashe ciyawa a kan kututturen nan take, a bar saiwar ta bushe ta motse har rani ya wuce, sannan a zare ta a cike gurbin. Sai gobarar daji. Kowane Nuwamba a share ciyawa mita biyar zuwa shida kewaye da duk ginin da ke da rufin katako. Aikin yini biyu ne ga leburori kaɗan.

Na uku, gara. Gara tana bin danshi, don haka gini mai yoyo gini ne mai gara. Tana cin katako daga ciki ta bar fatar fenti a tsaye, shi ya sa ido kaɗai ba ya gano ta. A ƙwanƙwasa kowane rafta da guduma a saurari ƙarar holoƙo, a soka sukundireba a kan katako inda ya shiga bango, a duba hanyoyin ƙasa da take ginawa a jikin bango daga daɓe zuwa sama. A karya hanyoyin a dawo bayan mako guda. In an sake gina su, gidan garar na da rai, sai a nemo shurin a kusa. Duk katakon da ya taɓa ƙasa, kamar ginshiƙan baranda da ƙafafun firam ɗin ƙofa, a ɗaga shi santimita 15 a kan dutse ko takalmin ƙarfe. A daina jingina itacen girki da buhunan hatsi da bango.

Mun san al'adar shafa baƙin mai. Baƙin mai ba ya ratsa katako sosai, yana ɓoye ɓarnar da ke ciki, kuma yana ƙara wa wuta ƙarfi ranar da ta tashi. Maganin boraks da aka narkar a ruwa, awo ɗaya cikin goma, a shafa sau biyu a kan katakon da aka kankare, ya fi shi aiki a ƙarƙashin rufi. A waje ruwan sama yana wanke shi, don haka katakon waje sai magani mai mai irin su Solignum.

Inda katako ya ruɓe ba sai an cire shi duka ba. A tokare rufin, a yanke ruɓaɓɓen har a wuce shi da santimita 30 cikin lafiyayyen nama, a yi haɗi a karkace da sabon yanki, a ɗaure da noti biyu ko uku masu kauri milimita 12 waɗanda ba sa tsatsa. Sabon katakon ya zama mai tauri irin maɗaci ko ƙawo ko loko, kuma busasshe. A nan ake yawan faɗuwa: ɗan kwangila ya sayo ɗanyen katako daga injin yanka da safe, da yamma ya ɗora. Hunturu na farko ya motse, ya murɗe, notin ya saki, ramin ƙusar kwano ya faɗaɗa, yoyo ya dawo. A sayi katako tun farkon rani, a jera shi a inuwa da sanduna tsakanin kowane layi iska na ratsawa na wasu watanni. Maɗobiya kuwa a ƙyale ta. Saran da aka yi mata don fitarwa waje ya kai har an sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar duniya ta taƙaita cinikinsu tun 2017, bai dace aikin adana tarihi ya ƙara mata rauni ba. Tsofaffin raftoci daga ginin da ya riga ya faɗi su ne mafi kyawun kayan gyara, a tara su a sito ɗaya a kulle maimakon su ƙare a murhu.

Na huɗu shi ne wanda ya fi ba mu tsoro in kuɗi suka fito, wato gyaran da ke kashe gini. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Salon da aka saba gani shi ne a yaɓe tsohon bango da siminti mai ƙarfi, a bi shi da fenti mai sheƙi, a cire tagogin katako a sa na alminiyom, a ɗora sabon rufi mai launi, a kira 'yan jarida a yanke kyalle. Tsohon jan bulo da dutsen da aka ɗaure da farar ƙasa suna shan danshi da damina su fitar da shi da rani ta cikin haɗin. In aka rufe su da siminti, danshin ba ya samun mafita. Sai ya hau sama cikin bango, gishirin da ke cikinsa ya taru a bayan filasta, bayan 'yan shekaru filastar ta ɓamɓare ta tafi da fuskar bulon. Abin da ya yi shekara ɗari a tsaye sai ya fara zubewa kamar garin tuwo.

Ƙa'idar ita ce a gyara da irin abin da aka gina. A fara gwadawa: a karce haɗin bulo da ƙusa. In ya karce cikin sauƙi ya ba da farin gari, farar ƙasa ce. In ƙusar ta zame, siminti ne, to babu laifi a bi shi da siminti mai rauni. Kwaɓin farar ƙasa awo ɗaya ne ga awo uku na yashi mai kaifi wanda aka wanke. A kwashe tsohon haɗin da hannu, ba da injin yanka ba, zurfin ya ninka faɗinsa biyu. A jiƙa bangon, a cusa kwaɓin a danne, a rufe da jiƙaƙƙun buhunan algarara na kwana uku zuwa bakwai. Farar ƙasa a hankali take ƙarfi ta hanyar shan iska, in hunturu ya busar da ita da wuri sai ta koma gari. Ragowar kabaid da masu walda ke zubarwa, in aka tace aka jiƙa ta ta kwanta, farar ƙasa ce, ana iya gwada ta a ƙaramin wuri kafin a yarda da ita. Tsaga kuma kada a yi gaggawar cikewa. A sa alama biyu a gefenta a auna kowane wata, damina ɗaya da rani ɗaya. In ba ta motsi, a cike. In tana buɗewa, matsalar a harsashi take ko a rufi, kuma aikin injiniya ne.

Gargaɗi biyu ga masu aikin. Tsohon fenti yakan ƙunshi dalma, in aka kankare shi a bushe ƙurarsa guba ce, musamman ga yara. Jihar Neja ta ga abin da gubar dalma ta yi wa yara a Shikira ta Ƙaramar Hukumar Rafi a 2015, ko da yake waccan daga dutsen zinariya ta fito. A jiƙa kafin a kankare, a rufe hanci, a tattare ɓawon. Inda aka sami silin ko kwanon asbesto, kada a fasa, kada a yanka da zarto, domin ƙurarsa ita ma cuta ce. In lafiyayye ne a bar shi, in ya karye a jiƙa a naɗe a binne.

Na biyar, ƙarfe. Tun da farashin tsohon ƙarfe ya tashi, duk abin da ke jikin layin da jirgi ba ya bi ya zama abin farauta: farantan haɗin dogo, notoci, ƙarafan da dogo ke kwance a kansu, sandunan sigina, hannayen canjin layi, sikelin awon kaya, ƙararrawar tasha, famfon da ake shayar da jirgi mai tururi. Ba 'yan jari-bola kaɗai muke nufi ba. Gwanjon da ake yi bisa doka ma, in lissafinsa nauyi ne kawai, ba ya bambanta tulin ruɓaɓɓen tarago da abin da babu irinsa a ƙasar nan. A gefen tsohon dogo akwai sunan masana'antar da ta ƙera shi da shekarar ƙira, an zuba su cikin ƙarfen. Guntun mita ɗaya na irin wannan dogo takardar shaida ce, injin narka ƙarfe kuwa ba ya karatu. Tankunan ruwa da gadoji kuma suna buƙatar ido, domin tsatsa tana ninka girman ƙarfen da ta ci, in ta shiga tsakanin faranti biyu tana iya tsinke kan ƙusar da ta haɗa su, ƙarfen da aka binne cikin bango kuma ya fasa bangon. A zubar da ruwan da ke kwance a tanki, a buɗe ramukan tsiyaya, a goge, a shafa fenti.

Takardu da mutane a taƙaice. Littattafan tasha, takardun kaya, zanen gine-gine da rajistar ma'aikata, duk inda suka rage a ɗaga su daga daɓe, a ɗauki hoton kowane shafi, kada a manna musu leda da zafi, a kai kwafi Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa da Gidan Arewa a Kaduna. Direbobi da masu zuba gawayi na zamanin jirgin tururi suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. A naɗi muryoyinsu da Hausa da Nufanci da Gwaranci da Yarabanci da Ibo, kowa da harshen da ya fi sakewa a ciki.

Na ƙarshe cikin koke-kokenmu, ginin da babu kowa a ciki. Mai zama shi ne ke ganin ɗigon farko. Ba ma goyon bayan a kori mazauna gidajen reluwe da sunan adana tarihi, domin ranar da aka kulle gida babu kowa, daren nan ake fara cire ƙyaure. Sito zai iya zama wurin tara doya da shinkafa, ko ajin koyon kafinta, ofishin tasha ya zama ɗakin karatu. Abin da ake buƙata sharuɗɗa ne a takardar haya: ba fasa sabuwar ƙofa ko taga, ba hura wuta a ciki, ba yaɓen siminti sai da izini, ba ajiye gishiri ko takin zamani domin suna cin ƙarfe da bulo, kuma mai haya ya yashe indararo sau biyu a shekara.

Mun san za a ce kayan Turawan mulkin mallaka ne, daga Zungeru aka tsara yaƙin Kano da Sakkwato a 1903, me zai sa a kashe kuɗin talaka a kansu? Tambaya ce mai nauyi, ga amsarmu. Baturen da ya zana layin bai ɗauki kwanon sarki ba. Dubban Nufawa da Gwarawa da Hausawa ne suka haƙa ƙasa suka ɗauke ta a ka, da yawansu aikin tilas ne da aka ɗora wa sarakuna da hakimai su kawo. Ba a gina musu ko hasumiya ɗaya ba, tudun layin da kwalbatocin nan su ne abin da ya rage na guminsu. Wanda ke son ɗalibi ya gane yadda aka ci ƙasar nan, da yadda gyaɗa ta mamaye kasuwar Kano daga 1912, da yadda aka yi Nnamdi Azikiwe a 1904 da Odumegwu Ojukwu a 1933 duk aka haife su a Zungeru, zai fi samun sauƙi in akwai bangon da zai nuna. Za a kuma ce da matsalar tsaro wa zai zo yawon buɗe ido? Gaskiya ne, ba ma yi wa kowa alkawarin baƙi a bana ko baɗi. Amma rufin da ba a gyara bana ba, ba zai jira zaman lafiya ba.

Ga abin da muke roƙo.

Ga Hukumar Jiragen Ƙasa: a dakatar da rushewa, ko sayarwa, ko canza fasalin duk ginin reluwe da ya girmi 1960 a Zungeru da Baro da tashoshin da ke tsakanin Minna da Baro, har a kammala rajista. A umurci kamfanin kula da kadarorin reluwe da ke Kaduna ya sa sharuɗɗan da muka ambata a takardun haya, kuma a ware wani kaso na hayar kowace tasha a asusun da ba za a taɓa ba sai don gyaran tashar. Kafin kowane gwanjon ƙarfe, jami'in gidan tarihi ya duba ya cire abin da ya kamata a ajiye, ya sa hannu. Duk kwangilar sabon layi mai faɗi ko ta farfaɗo da layin Baro, wanda tashar ruwan da aka buɗe a Janairun 2019 ke buƙata, a rubuta a cikinta cewa tsohuwar tasha ba wurin juye tsakuwa ba ce kuma ba za a rushe ta ba. Hukumarku ta taɓa yin irin wannan. Gidan Jaekel da ke Ebute Metta a Legas, ginin 1898, a filinku yake, ƙungiyar adana tarihi ta Legacy ta gyara shi ya zama ƙaramin gidan tarihin reluwe. Abin da ya yiwu a Legas muna neman kwatankwacinsa a inda jirgi ya fara gudu a Arewa.

Ga Hukumar Gidajen Tarihi: a turo jami'an ofishinku na Minna su jagoranci rajistar, a buga sakamakon a intanet inda kowa zai gani. A zaɓi gine-ginen da suka fi muhimmanci a fara bin matakan ayyana su bisa dokar 1979 da ta kafa hukumar, a kuma nemi Majalisar Tarayya ta sake duba tarar da ke cikinta, wadda lissafin kuɗin wancan zamani ne. A fitar da ɗan littafi da Hausa, mai hotuna, shafi goma ko sha biyu, kan abin da magini da kafinta za su yi da wanda ba za su yi ba a tsohon gini.

Ga Mai Girma Gwamna: gyaran tsarin mulki na Maris 2023 ya sa harkar layin dogo cikin abin da jihohi ma ke da ta cewa, saboda haka ƙofar yarjejeniya da hukumar reluwe a buɗe take. Muna roƙon a sa ƙaramin layi na dindindin a kasafin kuɗi don agajin gaggawa, wato rufi, magudanai, gara, sarar itatuwan bango da share ciyawa, a riƙa sakinsa a Nuwamba domin aiki ya ƙare kafin ruwan Afrilu. Kuɗi kaɗan kowace shekara ya fi babbar kwangila sau ɗaya a shekara ashirin. A ba masu sana'a na garuruwan aikin kai tsaye ƙarƙashin kulawar injiniya ɗaya, a biya su bayan an duba. A sa Ƙananan Hukumomin Wushishi da Agaie, inda Zungeru da Baro suke, su ɗauki mai gadi biyu-biyu ga kowace tasha, a kuma nemi Mai Martaba Sarkin Sudan na Kontagora da Mai Martaba Etsu Agaie su sa baki ta hannun hakimai da masu unguwanni, domin dillalin ƙarfe ya fi jin kunyar mai unguwarsa fiye da takardar da aka liƙa a bango.

Muna kuma roƙon ku uku ku naɗa jami'i ɗaya-ɗaya, a bayyana sunayensu da ofisoshinsu, su zauna a Zungeru, ba a Abuja ko Legas ba, su zagaya da ƙafa tare da kafintoci kafin damina mai zuwa. Waɗanda suka iya hawa rufi a cikinmu za su zo da tsani da guduma, tsofaffin kuma za su nuna inda magudanan suke.

Allah ya ƙara muku lafiya da basira.

Wassalam.

Naku cikin girmamawa,
A madadin tsofaffin ma'aikatan reluwe, da masu sana'ar gini, da malaman tarihi na yankin Zungeru da Baro.